Daga harba-ka-ruga zuwa kalibar 12: abin lura kafin a sayi bindigar farauta ta hannu



Kowace shekara in an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, daji ya buɗe, maganar bindigar farauta takan taso. Wani ya gaje ta daga mahaifinsa, yana neman mai saye. Wani saurayi ya sayar da wake ko gyaɗa, kuɗi sun shigo hannu, ransa ya biya. Wani kuma ya buga wa yayansa da ke ci-rani waya, ya ce a taimaka a aiko da kuɗi, an samu wata da araha. Galibin wannan ciniki a zaure ake yinsa ko a bayan kasuwa, kuma bindigogin na hannu ne, wasu ma sun girmi mai sayarwa da mai saye.

Tambayar da aka fi yi ita ce, tsohuwa ta fi ko ta zamani? To kowace da amfaninta, kowace kuma da inda take cutar da mai ita. Abin da muke so mu bayyana yau shi ne, darajar bindigar hannu tana rataye ne a kan abu uku: lafiyar ƙarfenta, harsashin da ya dace da ita, da takardarta. In ɗaya ya ɓace, kuɗin da aka biya na iya zama kuɗin sayen wahala.

Damagaram da bindiga, sanayya ce ta tuntuni

Mu nan ƙasar Damagaram, bindiga ba baƙuwa ba ce. A ƙarni na 19, ayarin raƙuma da ke tasowa daga Tarabulus ya ratso sahara yana kawo tufafi da takarda, yana kuma kawo bindigogi. Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda sarautarsa ta kai har 1884, ya gane abin da wannan makami zai iya yi. Ya tara bindigogi masu yawa, ya kafa rundunar 'yan bindiga, ya sa ana haɗa albarushi a gida, maƙeransa kuma suka riƙa zuba igwa a cikin birni. Da wannan ƙarfi ne Damagaram ta zama abin shakka ga maƙwabta, har Kano ta san da zamanta.

Sai dai galibin bindigogin wancan zamani ta baki ake ɗura su. A watan Mayu na 1898, zamanin Sarki Ahmadu Kuren Daga, aka kashe hafsan Faransa Kyaftin Cazemajou a Damagaram. A watan Yuli na 1899 sojojin Faransa suka zo, aka gwabza a Tirmini, yamma da birni. Su bindigoginsu ta baya ake saka musu harsashi, kafin ɗan bindigar sarki ya gama ɗuri ɗaya, sojan Bature ya harba sau da dama, kuma daga nesa. Maza sun tsaya a ranar, amma makamin ba ɗaya ba ne.

Wannan tazara kuwa da gangan aka riƙe ta. Tun 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan wata yarjejeniya a birnin Burusel na Beljiyam, wadda ta taƙaita sayar wa mutanen babban yanki na Afirka, har da namu, bindigogin zamani da harsashinsu. Abin da aka bari a sayar shi ne tsohuwar bindiga mai ƙanƙara da albarushi na gama-gari. Shi ya sa harba-ka-ruga ta daɗe a hannun talaka, maƙera suka koyi gyaranta, daga baya suka shiga ƙera ta da kansu. Har gobe, ranar hawan Salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ƙarar da ke girgiza gari da farin hayaƙin da ke tashi, na irin wannan bindiga ne.

Iri uku da bai kamata a gwama ba

In an ce bindiga, mutane sukan haɗa komai wuri ɗaya, alhali iri uku ne masu bambancin aiki.

Ta farko ita ce ta gargajiya, wadda ake kira harba-ka-ruga, ko bindigar toka, wasu su ce baushe. Ana zuba albarushi ta baki, a danna tsumma, a zuba ƙwayoyin dalma ko guntayen ƙarfe, a sake dannawa da sandar ɗuri. Harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗuri. Sunan ma daga nan ya fito: in ka harba ba ka samu ba, sai ƙafa. Ba ta cin nesa, kuma in albarushi ya ji laima takan ƙi tashi. Abin da ya sa maharba ke sonta shi ne araha, da kuma cewa maƙerin ƙauye na iya gyara ta.

Ta biyu ita ce bindigar farauta ta kamfani, mai karyewa a tsakiya a saka mata harsashi ta baya. Wata baki ɗaya gare ta, wata biyu. Cikin bututunta sumul yake, harsashinta kuma kwanso ne na roba ko na kwali mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyi da yawa, waɗanda ke bazuwa in an harba. Ita ce ta dace da zabon daji, fakara, hasbiya da zomo, a tazarar da ba ta wuce mita 35 zuwa 40 ba. Wadda aka fi sani ita ce kalibar 12. Ma'anar lambar ita ce, in aka raba laba guda ta dalma, wato kusan giram 454, zuwa dunƙule 12 daidai wa daida, kowane dunƙule zai cika faɗin bututun, kusan milimita 18 da rabi. Ke nan kalibar 16 da kalibar 20 sun fi 12 ƙanƙantar baki, duk da lambarsu ta fi girma.

Ta uku ita ce mai harsashi guda, wadda aka yi wa zane murɗaɗɗe a cikin bututu don harsashi ya fita yana juyawa, ya tafi saitin da aka ba shi. A cikin wannan iri akwai na farautar manyan namun daji, akwai kuma na yaƙi irin su Kalashnikov, wadda aka ƙera a Tarayyar Sobiyet a 1947, mai cin harsashi 30. Harsashinta na iya wuce kilomita 2 kafin ya faɗi. A karkara irin tamu, inda bayan kowane tudu akwai gona, ko rijiya, ko yaro da awaki, wannan ba kayan farauta ba ne, kuma doka ba ta yarda farar hula ya riƙe ta ba.

Albarushi biyu ne, kuma ba sa zama wuri ɗaya

Nan ne haɗarin da ya fi yawa yake, don haka a saurara da kyau.

Albarushin gargajiya baƙi ne, yana hayaƙi sosai, yana kuma barin datti a cikin bututu. Wannan datti yana jan laima. In ba a wanke bindiga bayan harbi ba, tsatsa za ta riƙa cin ta daga ciki, a wurin da ido ba ya gani. Daga waje ka ga bindiga tana ƙyalli, an shafe ta da mai, an naɗe ta da fata da layu, a ciki kuwa ƙarfen ya zama kamar ɓawon gyaɗa.

A 1884 wani masani ɗan Faransa, Paul Vieille, ya fito da albarushi mara hayaƙi, kuma a 1886 sojojin Faransa suka fara riƙe bindigar Lebel mai aiki da shi. Irinsa ne ke cikin harsashin kamfani na yau. Ƙarfinsa ya fi na baƙin albarushi nesa ba kusa ba. Saboda haka bindigar kamfani kafin ta fita kasuwa sai an gwada ta da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi, in ta jure a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. Akwai gidajen gwaji da suka shahara a wannan aiki a Saint-Etienne ta Faransa, da Liège ta Beljiyam, da Birmingham ta Ingila.

Bindigar maƙera ba ta bi ta wannan gwaji ba. Sau da yawa bututunta daga bututun ruwa ne ko wani ƙarfen mota, wanda ba don wuta aka yi shi ba. Duk wanda ya farke harsashin kamfani ya juye albarushinsa a harba-ka-ruga don wai ta ƙara ƙarfi, to bam ya ɗora a kafaɗarsa. In bututu ya fashe, hannun hagu da ke riƙe da shi da idon da ke saiti su ne na farko. Daga ƙauye zuwa babban asibitin Damagaram tafiya ce, jini kuwa ba ya jira. Manomi da ya rasa yatsu ya rasa hauya, gida guda ke nan ya shiga wani hali.

Haka ma bindigar maƙera da aka yi wa wurin saka harsashin kalibar 12. Siffarta ta zamani ce, ƙarfenta kuwa ba a gwada ba. Tana iya jure harbi hamsin, ta fashe a na hamsin da ɗaya.

Me ke sa kuɗin ta hannu?

Sabuwar bindigar kamfani tana da tsada, kuma masu izinin sayar da ita a manyan birane suke. Tsofaffin maharba suna ajiye sana'a, magada kuma ba duka ke son daji ba. Ga tsoron ɓarayin dabbobi da ke sa wasu neman abin kare kai. Waɗannan su suka haɗu suka raya kasuwar ta hannu.

A ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, sunayen da tsofaffi suka sani su ne Simplex mai baki ɗaya da Robust mai baki biyu, na kamfanin Manufrance da ke Saint-Etienne. An yi su da ƙarfe mai kyau, shi ya sa har yanzu ake ganinsu. Amma kamfanin ya durƙushe a shekarun 1980, ke nan galibin waɗanda ke yawo a hannun mutane sun haura shekara arba'in, wasu sun ninka haka, kayan gyaransu na asali kuma wuyar samu gare su. Daga baya Baikal ta Rasha, ƙirar garin Izhevsk, ta bazu a Afirka ta Yamma saboda sauƙin kuɗi da juriya.

Dillali zai ce maka suna shi ne kuɗi. Suna yana da tasiri, gaskiya ne, amma Simplex da tsatsa ta cinye ba ta kai Baikal mai lafiya ba, kuma ana iya buga sunan kamfani a jikin ƙarfen da bai taɓa ganin kamfani ba. Sannan mai saye ya tuna kuɗin bindiga sau ɗaya ake biya, kuɗin harsashi kuwa kullum ne. Wanda ya sayi kalibar da harsashinta ba ya samuwa a kusa, ya sayi sanda mai nauyi. Wanda kuma zai kashe harsashi biyu ko uku kan zabo ɗaya, ya lissafa ya gani ko ba gara ya sayi zabon a kasuwar Mirriah ba.

In kuwa ka ga bindigar kamfani mai kyau ana sayar da ita da arahar da ta wuce hankali, mai ita na gaggawa, ba ya son shaida, to ka san akwai dalili. Araha ba ta ado.

Abin da za a duba a jikin ƙarfe

Ba a cinikin biri a sama. Kada a sayi bindiga da dare, ko ta hoto a waya. A je da wanda ya san ta, tsohon maharbi ko sarkin baka, a duba da rana tsaka.

Kafin komai a tabbata babu harsashi a ciki, bakin kuma yana kallon inda babu kowa. In mai karyewa ce, a karya ta, a ɗaga bututun sama a leƙa ta baya. Cikin ya kamata ya zama sumul yana ɗaukar ido. In an ga ramuka-ramuka kamar zanzana, tsatsa ta yi aiki. A shafa bututun daga waje da yatsu tun daga gindi har baki. Kumburi ko lotsawa komai ƙanƙantarsa alama ce ta rauni. In an ga tabon walda a jikin bututu, a bar ta, ko kyauta aka ba da ita.

A rufe bindigar a girgiza. In akwai girgiɗi tsakanin bututu da gangar jiki, mahaɗin ya ci, wuta na iya fitowa ta baya zuwa fuskar mai harbi. A duba itacen gindi, musamman wurin da hannu ke kamawa, don tsaga takan ɓuya a ƙarƙashin fata ko robar da aka naɗa. A gwada makullin kunama, a ga ko yana hana ta tashi. Bindigar da kunamarta ke tashi da ɗan bugu za ta tashi wata rana a bisa babur ko a cikin amalanke.

Sai rubutun da ke jikin ƙarfe. Za a ga an rubuta 12/65, ko 12/70, ko 12/76. Lamba ta biyu ita ce tsawon ɗakin harsashi da milimita. Tsofaffin bindigogi da yawa 65 ne, harsashin da ya fi yawa a kasuwa yau kuwa 70 ne. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, ana auna tsawon harsashi ne bayan ya buɗe baki, don haka na 70 zai shiga ɗakin 65 lafiya lau kafin a harba. In an harba ne bakinsa ke rasa wurin buɗewa, matsi ya ƙaru a kan tsohon ƙarfe. Shiga ba ita ce dacewa ba, a karanta lambar da ke jikin bindiga da wadda ke jikin kwalin harsashi.

Kada kuma a haɗa harsashin kalibar 20 da na 12 a aljihu ɗaya. Ƙaramin yakan zurma cikin bututun 12 ya maƙale, a ɗauka babu komai a saka wani a bayansa. Haka duk abin da ya toshe bututu, ko laka ce, ko yashi, ko gidan zanzaro a bindigar da ta shekara rataye a bango, zai iya fasa ta.

Abu na ƙarshe, lambar bindiga. Kowace ta kamfani tana da lambarta. In an goge ta da zarto ko an daddake ta, akwai abin da ake ɓoyewa.

Takarda: inda mutane da yawa ke faɗawa

A Nijar takardu biyu ne, kuma ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya. Akwai izinin mallakar bindiga, wanda ke ƙarƙashin ofishin ministan cikin gida. Akwai kuma izinin farauta, wanda ke hannun ma'aikatan gandun daji. Izinin mallaka da sunan mutum ake ba da shi, a kan bindigar da aka rubuta lambarta. Ke nan in mai sayarwa ya miƙo maka bindiga haɗe da takardarsa, takardar tasa ce, ba ta zama taka ba. Haka takardar marigayi ba ta bin bindiga zuwa hannun magaji. Kafin kuɗi su fita, a je wurin hukuma, ko jandarma ko ofishin shugaban gundumar Mirriah, a ji yadda ake mayar da suna. Mai ƙirar gida ma ya je ya ji matsayin tasa, kada ya zauna kan cewa ai ta maƙera ce.

Riƙe bindiga ba izini laifi ne da ke kai mutum gidan kaso, ga tara, ga ƙwace bindigar. In kuma aka gano an taɓa yin fashi ko kisa da ita, wanda aka same ta a hannunsa shi zai fara amsa tambaya, dillali ya daɗe da ɓacewa. Tun bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011 makamai suka bazu daga Libiya zuwa ƙasashen Sahel, ga kuma ta'asar 'yan bindiga a jihohin Zamfara da Katsina da kan iyakar Maraɗi. A irin wannan lokaci jami'an tsaro ba sa ɗaukar maganar bindiga da wasa, kuma suna da hujja. Tun 1994 ƙasarmu ke da hukumar tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba, wadda aka sani da CNCCAI. Wanda ke da irin wannan makami a ɗaki, ya nemi mai gari ko hakimi su raka shi ya miƙa, ya fi a zo a same shi da shi.

Farauta kuwa dokar da ke tafiyar da ita ita ce mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998. Ta ce ba mai yin farauta sai da izini. Ta hana farauta a wajen lokacin da hukuma ta buɗe, ta hana farautar dare ko da fitila ko babu, ta hana bin nama da mota ko babur, ta hana sa wa daji wuta don koro nama, ta hana guba, ta kuma hana amfani da makamin yaƙi da harsashinsa.

Daji ma yana da nasa lissafi

Dattawa a nan suna ba da labarin lokacin da barewa ke shigowa har bakin gonaki. Yau yaro na iya girma bai taɓa ganinta ba. Gonaki sun cinye daji, fari ya yi nasa, bindiga ma ta yi nata. Harba-ka-ruga, da duk aibinta, tana ba nama dama: harbi ɗaya, sauran garke ya tsere. Maharbin da sai ya yi sanɗa, ya san iska, ya san sawu. Mai bindigar zamani da fitila a bisa babur yana iya share abin da ya rage a dare ɗaya.

Misali na nan cikin jaharmu. A 2012 gwamnati ta keɓe gandun Termit da Tin Tumma, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000, don kare namun sahara. Duk da haka, a ƙidayar da masana suka yi a 2016, guda uku kacal suka gani na farin naman nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks, a wurin da ya kasance mafakarsa ta ƙarshe. Farauta ba bisa ƙa'ida ba na cikin manyan dalilai. Abin da ya samu adaks a arewa zai iya samun zabon daji da tuji a nan, in ana harbinsu lokacin ƙwai da 'ya'ya. Ranar da nama ya ƙare, bindigar da aka saya da tsada ba ta da sauran aiki sai rigima.

Wannan rigima kuwa mun san lokacinta. Tsakanin girbi da ranar sakin gonaki, in dabba ta shiga gona, rai kan ɓaci. Faɗan da zai ƙare da sanda da sulhu a gaban mai gari, in akwai bindiga a kusa yana iya ƙarewa da gawa, da gaba ta shekara da shekaru tsakanin manomi da makiyayi.

Bindigar gado

Gidaje da dama na da tsohuwar bindiga ta kaka ko ta kakan kaka. Abu na farko, a ɗauka a ɗure take. Maharban da sukan ajiye ta da ɗurinta, baƙin albarushi kuma in bai jiƙe ba yana iya tashi bayan shekaru masu yawa. Kada a ba yara su yi wasa da ita, kada a kai ta kusa da wuta, kada a ce bari a gwada a ga ko tana aiki. A kira wanda ya san ta ya auna da sandar ɗuri ya tabbatar. Malamanmu suna tunatar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, ko da wasa ne.

Abu na biyu, irin wannan bindiga tarihi ce. Wata ta zo ne ta sahara a bayan raƙumi, wata ƙirar maƙerin da jikokinsa ke nan tare da mu ce. Akwai masu yawo ƙauyuka suna sayen kayan da da kuɗi kaɗan su fitar da su waje. Doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ta kare kayan tarihin ƙasa, ba a fitar da su yadda aka ga dama. In iyali ba sa son ajiye ta, akwai gidan adana kayan tarihi a Damagaram, akwai kuma na ƙasa mai sunan Boubou Hama a Yamai. In za a ajiye ta a gida, a sauke ɗurin, a shafe ta da mai, a tambayi dattawa labarinta tun suna raye, a rubuta.

Saƙo ga 'yan'uwa da ke nesa

Ku da ke aiko da kuɗi, haƙƙinku ne ku yi tambaya. In ƙane ya kira ya ce a aiko da kuɗin bindiga, ku ce masa: ta wace iri ce? Wa ke sayarwa, kuma a ina ya same ta? Lambarta na nan? Wa ya duba cikin bututun? An je wurin hukuma? Mai gari ya sani? A ina za a ajiye ta, gida cike da yara? In amsa ta fara zama kame-kame, ku riƙe kuɗinku. Gumin da aka yi a ginin Tamanrasset ko a kasuwar Legas ya fi ƙarfin a kai shi ga belin ɗan'uwa ko kuɗin asibiti.

Kada kuma wanda ke dawowa gida ya yarda ya ɗauko wa wani bindiga ko harsashi a cikin kaya, ko da an ce ta farauta ce. Izinin wata ƙasa ba ya aiki a wata. Nijeriya ma tana da dokarta ta bindigogi tun 1959, wadda ta shafi har masu ɗuri ta baki. Wanda duwan ko jandarma suka kama a kan iyaka da irin wannan kaya, maganar safarar makamai za a yi masa, ba za a tsaya jin cewa saƙo ne aka ba shi ba.

Farauta sana'a ce mai daraja a ƙasar Hausa, maharba kuma su ne masu sanin daji da magani tun kaka da kakanni. Mai son shiga cikinta ya fara da zama wurin sarkin baka ya koyi daji, ya nemi takardunsa, sannan ya nemi bindiga, ya duba ta da rana a gaban shaidu. Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisa ko a zaure. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye mu da tsautsayi, ya ba mu zaman lafiya a gida da daji. Amin.